Ɗan Maraɗi ya cika takardar girin kad, ɗan Jibiya an ce ba ya ciki: daga ina wannan rabo ya samo asali?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in kawo shi gaban masana. Ni haifaffen Jibiya ne. Ɗan baffana kuma a Maraɗi aka haife shi, lokacin mahaifinsa yana harkar kasuwanci a can. Kakanmu ɗaya, tare muka yi wasan ƙasa. Shekarun baya da aka buɗe cike takardar nan ta girin kad, wato katin izinin zama, da Amurka ke fitarwa ta hanyar ƙuri'a, muka shiga shagon intanet tare. Shi aka ɗauke shi hoto aka cika masa, ni kuwa mai shagon ya duba allon kwamfuta ya ce 'yan Najeriya ba sa ciki. Ban yi masa baƙin ciki ba, Allah ya sani. Amma har yau ban gane ba. Tsakanin inda aka binne cibiyata da inda aka binne tasa tafiyar da ba ta kai wuni ba ce. Me ya raba mu? Laifi muka yi musu?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Mu ma nan haka muke jin 'yan uwanmu na Najeriya suna tambaya duk shekara. Wasu cewa suke don 'yan damfara ne aka cire ku.

Direban Bronx: Ba batun damfara ba ne, ƙanena. Ƙa'idar a rubuce take. Duk ƙasar da 'ya'yanta fiye da 50,000 suka samu takardar zama ta hanyar dangi ko aiki cikin shekara biyar da suka wuce, ana cire ta daga ƙuri'ar. Najeriya ta haura wannan adadi, shi ya sa tun rajistar da aka yi a ƙarshen 2013 ba ta ciki. Indiya, Sin, Meziko, Filifin, Pakistan, su ma duk a waje suke. Kuma ƙasar da aka haife ka suke dubawa, ba fasfon da kake riƙe da shi ba.

Abban Sadiq: To Alhaji, ai 50,000 ɗin nan nawa ne 'yan Jibiya a ciki? Ni ban san ko mutum ɗaya ba.

Malamin Tarihi: Abban Sadiq, tambayarka ta biyun nan ta fi ta farko zurfi. Ka taɓo abin da Amurkawa da kansu suka shafe fiye da shekara ɗari suna jayayya a kai, wato a auna mutum da ƙasar da ya faɗo duniya a cikinta. Ku ba ni dama in koma baya, don ƙuri'ar nan jikar wata doka ce ta 1924.

Kafin 1917, Bature daga kowace ƙasa zai iya hawa jirgin ruwa ya sauka New York, in dai yana da lafiya kuma ba a ganin zai zama nauyi a kan hukuma. A 1907 kaɗai mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu suka shiga. Abin da ya tayar wa masu mulki hankali shi ne baƙin sun canza. Da can daga Ingila, Ayalan, Jamus da ƙasashen Sikandinabiya ake zuwa. Daga wajen 1890 sai ga talakawan kudancin Italiya, 'yan Folan, Girkawa, da Yahudawan da ke gudun kisan gilla a daular Rasha. Mafi yawansu ba 'yan ɗariƙar Furotesta ba ne, ba sa jin Turanci, kuma suna cunkushe a unguwannin talakawa.

'Yan Asiya kuwa tun kafin nan an fara rufe musu ƙofa. Dokar 1882 ta hana leburorin Sin shiga, bayan da su ne suka yi aikin shimfiɗa layin dogo ta cikin duwatsun yamma. A 1907 aka yi yarjejeniya da Japan ta daina ba leburorinta fasfon zuwa. A 1917 aka shata wani yanki mai faɗi na Asiya a taswira, har da Indiya, aka ce ɗan yankin ba ya shiga, aka kuma kawo jarrabawar karatu ga kowa.

Direban Bronx: Malam, bari in ɗan katse ka. Na kai iyalina tsibirin Ellis, inda ake tantance baƙin a da, yanzu gidan tarihi ne. Akwai wani babban zaure a bene. Mai zagayawa da mu ya ce likitoci a sama suke tsayawa suna kallon mutane suna hawowa da kayansu. Wanda suka ga yana haki ko ɗingishi, sai a zana masa harafi da alli a jikin riga a ware shi. Akwai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da suke juya fatar ido da shi don neman ciwon ido mai yaɗuwa. 'Yata ta daɗe a gaban gilashin da aka ajiye shi. Ni kuwa na tuna ranar da na tsaya layin ganawa a ofishin jakadanci, hannuna na gumi a kan ambulan.

Malamin Tarihi: Na gode Alhaji. Ka lura, duk tsananin wancan tantancewar, mutum ɗaya-ɗaya ake dubawa, kuma waɗanda ake mayarwa ba su wuce biyu cikin ɗari ba. Abin da ya zo a 1921 daban ne. Sai aka ce kowace ƙasa tana da kaso: kashi uku cikin ɗari na yawan 'yan ƙasar da ƙidayar 1910 ta samu a Amurka. Italiya ta samu wajen 42,000 a shekara, alhali kafin yaƙin duniya na farko sukan haura 200,000. Kuma an ƙayyade yawan da za a karɓa a kowane wata, shi ya sa jiragen ruwa kan tsaya a bakin teku a daren ƙarshen wata, sha biyun dare na yi su yi tseren shiga tasha. Jirgin da ya makara, sai a ce wa fasinjojinsa kason ƙasarku ya cika. Mutum ya sayar da gonarsa ya yi kuɗin jirgi, a juya shi saboda 'yan mintoci.

Duk da haka masu son rufe ƙofa ba su gamsu ba. A 1924 ɗan majalisar wakilai Albert Johnson da Sanata David Reed suka kawo dokar da ke ɗauke da sunansu, Shugaba Coolidge ya sa mata hannu a watan Mayu. Aka rage kaso zuwa biyu cikin ɗari. Sannan aka bar ƙidayar 1920 da ke hannu, aka tsallake ta 1910 da ta 1900, aka koma ta 1890. Ku tsaya ku yi tunanin dalili. A 1890 'yan Italiya da 'yan gabashin Turai ba su riga sun yi yawa ba. Da wannan dabara kason Italiya ya faɗo daga 42,000 zuwa ƙasa da 4,000.

Baban Ummi: Malam, da girmamawa, ni ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Kowane gida da mai shi. In na ce baƙo biyu zan sauka a gidana, wa zai tilasta mini uku? Saudiyya ma tana raba kujerun Hajji ƙasa-ƙasa, ba mu ce ta yi zalunci ba. Mu nan gida muna da tsarin kwota wajen ɗaukar aiki da shiga makarantun tarayya. Mu da muka kori 'yan Gana a 1983 zamanin Shagari, da wane baki za mu yi wa wani wa'azi?

Hajiya 'Yar Zango: Baban Ummi, tunda ka ambaci Gana bari in sa baki, ni daga Kumasi nake. Kafin taku ta 1983 akwai tamu ta 1969, zamanin Busia, da aka ba duk baƙon da ba shi da takarda kwana goma sha huɗu ya fice. Kakata ta wajen uwa tana ba mu labari har ta rasu. Maƙwabciyarta da suka yi shekara ashirin suna tuyar ƙosai a layi ɗaya ta kawo mata turmi da tukwane biyu ta ce ajiye mini, zan dawo. Turmin nan a gidanmu ya tsage don tsufa, matar ba ta dawo ba. 'Ya'yanta a zango aka haife su, ba su taɓa ganin ƙasar da aka ce su koma ba. Don mun yi, kun yi, bai mayar da abin daidai ba, ɗana. Ni nan ne nake jin zafin maganar Abban Sadiq.

Baban Ummi: Allah ya jiƙan kaka, Hajiya. Ban ce korar mutane daidai ba ce. Cewa na yi ƙasa tana da ikon ƙayyade masu shiga.

Malamin Tarihi: Na yarda da kai a kan wannan, Baban Ummi, ba na jayayya da ikon ƙayyade adadi. Amma misalin Hajji da ka kawo ya taimake ni. Kujerun Hajji mudu ɗaya ake auna wa kowa da shi, kujera dubu ga kowane Musulmi miliyan ɗaya. Da a ce Balarabe dubu goma ne cikin miliyan, baƙar fata kuma goma, da mun kira abin da sunansa. To haka dokar 1924 ta yi, kuma masu ita ba su ɓoye ba. Kwamitin Johnson ya ɗauki wani Harry Laughlin a matsayin masani, mutumin da aikinsa shi ne yaɗa ra'ayin cewa wasu jinsuna sun fi wasu ingancin jini, ya zo da alƙaluman gidajen mahaukata da kurkuku yana cewa ga shaida. Hitler da kansa ya yaba wa tsarin shige da ficen Amurka na wancan lokacin.

Ga kuma ɓangaren da ya fi taɓa ni. Lissafin 1890 na wucin gadi ne. Tsarin dindindin, wanda ya fara aiki a 1929, ya ce za a raba kujeru wajen 150,000 gwargwadon asalin dukan mutanen Amurka na 1920, ba baƙi kaɗai ba. Wato sai an gano kashi nawa na jinin al'ummar daga Ingila yake, nawa daga Jamus. Ta yaya za ka gane haka bayan shekara ɗari uku ana auratayya? Sai ma'aikatan ƙidaya suka koma kan sunayen da ke cikin ƙidayar farko ta 1790 suna hasashe. Bajamushen da ya mayar da sunansa irin na Ingilishi sai a lissafa shi ɗan Ingila. Sau biyu ana ɗage fara aiki da tsarin saboda lissafin ya ƙi zama. Da aka gama, Birtaniya ta samu 65,721, Jamus 25,957, Ayalan 17,853. Ƙasashe uku sun kwashe fiye da kashi saba'in cikin ɗari. Italiya 5,802. Girka 307.

Kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa wajen lissafin mutanen Amurka ba za a ƙirga jikokin bayi ba, ba za a ƙirga jajayen Indiyawa 'yan asalin ƙasar ba, ba za a ƙirga 'yan asalin Asiya ba. A 1920 baƙaƙen fata sun haura miliyan goma, kusan mutum ɗaya cikin goma. Kakanninsu sun riga kakannin yawancin masu rubuta dokar taka ƙasar, a ɗaure aka kai su, da yawa daga wannan yanki namu na Afirka ta Yamma. Da an ƙirga su, da Afirka ta samu kusan ushirin kujerun. Sai aka share su da alƙalami ɗaya.

Maman Hanif: Innalillahi. Malam, to mu a lokacin ina muke a lissafin? Babu ɗan Afirka da ke shiga ke nan?

Malamin Tarihi: Ƙasashen da ke cin gashin kansu irin Habasha da Laberiya da Masar an ba kowace 100, shi ne mafi ƙarancin kaso. Mu da ke ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka a cikin kason ƙasar da ke mulkinmu ake lissafa mu. A takarda ɗan Kano yana ƙarƙashin Birtaniya, ɗan Damagaram yana ƙarƙashin Faransa. Waɗanda suka fi amfana da wannan kafa su ne 'yan Jamaika da sauran tsibiran da Birtaniya ke mulka, tunda kason Birtaniya sau da yawa ba ya cika. Da majalisa ta lura, a dokar 1952 sai ta toshe: kowace ƙasar da ake mulka ba za ta wuce 100 ba a cikin kason uwargijiyarta. Shugaba Truman ya hau kujerar na-ƙi a kan wannan doka saboda ta riƙe tsarin asali, majalisa ta danne shi da rinjaye.

Ɗalibai dai ba sa cikin kaso. Ta wannan ƙofa Azikiwe ya je karatu a 1925, Nkrumah kuma a 1935, dukansu sun yi Jami'ar Lincoln.

Baban Ummi: Malam, ka ba da rabin labari. Ba masu wariya kaɗai suka goyi bayan rage baƙi ba. Ƙungiyar ƙwadago mafi girma a lokacin ta goyi baya, shugabanta Samuel Gompers shi kansa baƙo ne haifaffen Landan. Hujjarsu ita ce masu masana'antu na amfani da sababbin zuwa suna karya farashin ƙwadago. Kuma da Turawan suka ragu, wa masana'antun Chicago da Detroit suka koma ɗauka? Baƙaƙen fatar da ke gudowa daga kudu. Ko ba haka ba?

Malamin Tarihi: Haka ne, kuma ka yi daidai da ka kawo shi. Ƙaurar baƙaƙen fata zuwa arewa ta fara ƙarfi tun lokacin yaƙin duniya na farko da jirage suka daina kawo leburori daga Turai, dokar kuma ta sa abin ya ɗore. Amma ga tambayata. In kare albashin lebura ne manufa, me ya sa ba a sa wa Meziko da Kanada da sauran ƙasashen nahiyar Amurka kaso ba sam? Saboda manyan manoman Texas da California suna buƙatar hannun 'yan Meziko mai araha, suka hana. Kuma ɗan Ingila da ya zo ba ya cin aikin kowa ne, sai ɗan Italiya? Lebura dai lebura ne. Zaɓen ƙidayar 1890 ba shi da wata alaƙa da albashi.

Baban Ummi: Batun Meziko ban san shi ba. Na karɓa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa talakan ƙasa yana da hakki a saurare shi in ya ce baƙi sun yi masa yawa.

Ɗan Damagaram: Malamai, kafin a yi nisa, ita wannan ƙuri'ar ba caca ba ce kuwa? Wani ya ce mini haramun ce.

Shugaban Zaure: Ɗan Damagaram, wannan tambaya ce ta malaman fiƙihu, ka kai musu ko ka buɗe mata zare na daban. A nan a tsaya kan tarihin. Malam, ci gaba, muna saurare.

Malamin Tarihi: Abin da ya tona asirin tsarin shi ne zamanin Hitler. Dokar 1924 ce ta kafa tsarin nan da muka sani yau, sai ka samu biza daga ofishin jakadanci a ƙasarku kafin ka hau jirgi. Kuma ba ta san wani abu ɗan gudun hijira ba, kaso kawai ta sani. Bayan Jamus ta haɗiye Ostiriya a 1938, kason su biyun ya zama 27,370 a shekara, masu jira a layi kuma sun haura 300,000, mafi yawansu Yahudawa. Kujerun Birtaniya suna zaune babu mai nema, doka ta hana a ba wani. A 1939 aka kawo ƙudurin karɓar yara 20,000 a wajen kaso, ya mutu a majalisa. A shekarar ce jirgin St. Louis ya taso daga Hamburg da mutum 937. Kuba ta ƙi saukar da mafi yawansu, jirgin ya yi ta shawagi har ana hango fitilun Miami, Amurka ta ce su jira layinsu. Ya koma Turai. Mutum 254 daga cikinsu an kashe su daga baya.

Na san wasu a zauren nan in sun ji sunan Yahudawa tunaninsu wani wuri yake tafiya. Ni dai yara da tsofaffi nake gani a kan benen jirgi suna kallon gaɓar da ba za su taka ba. Wanda ya ga 'yan gudun hijirar Borno a Diffa ko Minawawo ya san wannan kallon.

Maman Hanif: Wallahi jikina ya yi sanyi. To yaya aka yi aka soke ta?

Malamin Tarihi: A hankali, kuma sau da yawa don buƙatar siyasa. A 1943, da Sin ta zama abokiyar yaƙi, aka soke dokar hana 'yan Sin aka ba su kujera 105 a shekara. A 1946 Indiya da Filifin kowacce ta samu kujera ɗari. Da yaƙin cacar baka ya kankama, Amurka tana neman zukatan sababbin ƙasashen Afirka da Asiya, ga kuma doka a littafinta tana cewa mutanensu ba su kai ba. A cikin gida kuma gwagwarmayar baƙaƙen fata ta haifar da dokar haƙƙin jama'a ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965. Ba zai yiwu ka hana wariya a gidan abinci ka bar ta a bakin iyaka ba. Ranar 3 ga Oktoba 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a sabuwar doka a gindin mutum-mutumin 'yanci na New York. Ɗaya daga cikin masu ƙudurin, Emanuel Celler na Brooklyn, yana sabon ɗan majalisa ya yaƙi dokar 1924 ya sha kaye. Shekara arba'in da ɗaya ya jira. Duk ɗan Afirkan da ke zaune a can yau da takarda, akwai bashin masu zanga-zangar neman haƙƙin baƙaƙen fata a jihar Alabama a wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Sabuwar dokar ta ce kowace ƙasa a wajen nahiyar Amurka iyakarta 20,000, ba babba ba ƙarama, kuma aka fifita mai ɗan uwa a can. Wani ɗan majalisa daga Ohio, Michael Feighan, shi ya dage a kan fifita dangi, da tunanin tunda yawancin Amurkawa danginsu a Turai suke, to Turawa za su ci gaba da rinjaye. Lissafin bai fita ba. Turai ta farfaɗo, mutanenta suka rage sha'awar tafiya. Likita ɗaya daga Indiya ko Koriya ko Najeriya in ya zauna sai ya ɗauko matarsa, ita ta ɗauko iyayenta, su kuma 'ya'yansu.

Direban Bronx: Amma Malam kada mutane su ɗauka an gama da lissafin ƙasa. Yana nan daram. Yanzu ƙa'idar ita ce ƙasa ɗaya ba za ta wuce kashi bakwai cikin ɗari na bizar dangi da ta aiki ba. A ji kamar adalci, amma Indiya mai mutum fiye da biliyan da ƙasar da ba ta kai jihar Kano yawa ba iyakarsu ɗaya. Akwai wani injiniya ɗan Indiya da nake yawan ɗauka zuwa filin jirgi, 'ya'yansa a nan suka yi firamare har sun shiga jami'a, shi har yanzu yana layin katin zama. Abokin aikinsa da aka haifa a wata ƙasa ya zo bayansa ya samu ya wuce.

Malamin Tarihi: Gaskiya ne Alhaji. Kuma dokar 1965 ɗin ce ta fara sa wa nahiyar Amurka iyaka, 120,000, shekara guda bayan an rufe shirin da ke kawo leburorin gona daga Meziko tun 1942. Mutanen da suka saba zuwa girbi su koma gida da izini, gonakin suna nan, buƙatar tana nan, takardar ce babu. Yawancin rikicin baƙi marasa takarda da kuke ji a labarai daga nan ya yi tushe.

Yanzu mu dawo kan Abban Sadiq. Tsarin dangi yana amfanar wanda ya riga ya samu wani a ciki. 'Yan Ayalan da dokar 1924 ta shagwaɓa sai suka tsinci kansu a baya, suna kuma da 'yan majalisa masu jin kukansu. Da matsin lambarsu aka fara ware biza ta musamman a 1986, sannan dokar 1990 ta kafa ƙuri'ar nan mai kujeru 55,000. A shekaru ukun gwaji an keɓe wa Ayalan kashi arba'in cikin ɗari. Ba don Afirka aka gina ta ba, amma da ta zauna da gindinta 'yan Afirka na cikin waɗanda suka fi amfana. Ita ma da ƙasar haihuwa take aiki, sai dai ta juya: ƙasar da mutanenta suka yi ƙaranci ake nema. Najeriya ta fita ne saboda 'ya'yanta sun yi yawa a can.

Abban Sadiq: Malam na gode, Allah ya ƙara ilimi. Na fahimci ba hukunci ba ne. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Waɗanda suka cika adadin nan galibi ba mutanenmu ba ne, kowa ya san haka. An haɗa ni da mutum fiye da miliyan ɗari biyu a buhu ɗaya an ce kun ƙoshi. Iyakar da ta raba ni da ɗan baffana kuma Ingila da Faransa suka shata ta, ba kakanmu ba.

Baban Ummi: A nan kam ina tare da kai, Abban Sadiq. Amma ka faɗa mini mudun da za su auna da shi in ba ƙasa ba. Ƙabila? Ai wannan ya fi muni. Addini? Mun ga abin da aka yi a 2017 da aka rufe wa wasu ƙasashen Musulmi ƙofa, har Sudan, daga baya Chadi ma ta shiga na ɗan lokaci. A 2020 Najeriya ta shiga jerin hana bizar zama, sai da Biden ya hau a 2021 aka cire.

Malamin Tarihi: Kanada tun 1967 take amfani da maki: ilimi, sana'a, harshe, shekaru. Ba ta tambayar kason ƙasarku. Amma kada in yi maka romon baka, Abban Sadiq, wannan mudun ma yana da wanda yake zubarwa. Mai digiri biyu da Turanci ko Faransanci shi yake tsallakewa, manomi da makaniki su tsaya a waje. Ƙuri'ar Amurka, duk da aibinta, takardar sakandare kawai take nema, ko shekara biyu a sana'ar da ke buƙatar horo.

Hajiya 'Yar Zango: Abban Sadiq, ɗan baffan naka ya samu kuwa?

Abban Sadiq: Bai samu ba Hajiya, sau huɗu yana cikawa. Yanzu yana harkar albasa tsakanin Galmi da Kano, Alhamdu lillahi yana rufa wa kansa asiri. Alhaji na Bronx, wata tambaya. Uwargidana a Ɗan Isa aka haife ta, ɓangaren Nijar. Wani ya taɓa ce mini ana iya shiga da ƙasar mata. Gaskiya ne?

Direban Bronx: Akwai wannan a ƙa'idar, ƙanena. Kana iya jingina da ƙasar haihuwar matarka in ƙasar tana ciki, da sharaɗin ka sa sunanta a takardar, a ba ku biza tare, ku shiga tare. Sai dai dokokin nan suna canzawa da gwamnati, ƙasar da ke buɗe bana ana iya rufe ta baɗi, don haka ka karanta sanarwar shekarar da kanka a shafin hukuma kafin ka ba kowa sisin kwabo. Abu na farko, tana da takardar haihuwa ta can? Sunan da ke jiki ya yi daidai da na takardar aurenku?

Abban Sadiq: Takardar tana wurin mahaifiyarta a cikin akwati, da Faransanci aka rubuta. Na san an rubuta sunanta Haoua, a takardar aure kuma Hauwa'u. Jibi kasuwa in na tsallaka zan karɓo in ɗauki hotonta in turo maka ta gefe.